Fentin Abuja

Ba zan taɓa mantawa da ranar da gwaggonnin matata suka zo gwajin ɗaki ba. Ko na so in manta ba hali, domin bangon da ya jawo mini abin yana nan, kullum da shi nake buɗe ido.

Lokacin saura mako uku a ɗaura mini aure da Nafisa, 'yar mutanen Warra. Ni malamin makaranta ne a Yelwa, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Babana kuwa jirgin ruwa yake tuƙawa, babban kwalekwale mai inji, yana jigilar mutane da kaya tsakanin Yauri da garuruwan bakin tafki. Jirgin nan ne ya yi mini karatu, amma in an tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce "harkar sufuri yake yi", in yi maza in sako wata maganar. (Allah ya yafe mini.)

Baba ya ba ni ciki da falo a gidanmu. Gado da kujeru na dangin amarya ne, fenti kuwa na ango ne, don haka na ƙudura a nan zan nuna wa mutanen Warra cewa 'yarsu ɗan boko za ta aura. A waya na ga launin da ya tafi da ni: ba shuɗi ba, ba kore ba, wani abu ne tsakaninsu mai duhu, irin yadda tafki yake yi in hadari ya haɗo. Na zaga shagunan fenti na Yelwa kaf ina nuna hoton. Kowa sai ya girgiza kai ya miƙo mini ruwan madara ko ruwan hoda.

Ran nan da hantsi na shiga rumfar bayan gida neman tsani, sai na yi tuntuɓe da wani babban bokiti. Ina ɗaga murfin na ga launin wayata, sak. Ashe fentin jirgin Baba ne. Shi yake haɗa abinsa da hannunsa, shuɗi da kore da ɗan baƙi, ba ma'auni sai ido, har mutanen bakin ruwa kan gane jirginsa tun daga nesa. Tun ina rarrafe nake ganin jirgin nan, amma ban taɓa ɗaukar abin da ke jikinsa launi ba sai da na gan shi a hoton falon wasu masu kuɗi. A makon ya fito da jirgin tudu don gyara, ya shafe gefe guda, ya ajiye sauran fentin don ɗaya gefen.

Da na tambaye shi, da ya ba ni. Amma in na tambaya, ai an san na jirgi ne ke nan. Sai na ɗauke bokitin, na kulle kaina a ɗaki kwana biyu, na shafe shi tas.

Muna cin tuwo Baba ya ce, "Ba ka ga bokitin hwentina ba?"

Na ce, "Wane fenti, Baba?"

Inna ta ce, "Gidan ga dai warin hwenti yakai tun shekaranjiya."

Na ce nawa ne, daga Abuja wani abokina ya aiko mini. Baba ya dube ni, ya dubi ɗakin da na garƙame da kwaɗo, ya ci gaba da cin tuwonsa. Washegari ya mayar da jirgin cikin ruwa haka nan, gefe guda yana ƙyalli, gefe guda duk ya koɗe, tunda fasinjan kasuwa ba sa jira.

Ranar gwajin ɗaki, ango mai kunya ba da makulli yake yi ya ɓace. Ni tsayawa na yi, da hulata da turarena, don a yabe ni a kan idona. Mata biyar ne suka zo, jagorarsu Gwaggo Kulu, yayar baban Nafisa, mai sayar da bandar kifi, wadda ba ta iya magana a hankali ba. Abin da ban lissafa ba shi ne wanda zai ɗauko su daga Warra. Baba ne da kansa, don girmama surukai, a cikin jirginsa.

Na buɗe ƙofa, suka shiga suna guɗa. Na gyara murya na ce, "Daga Abuja aka kawo shi. Duk Yauri babu irinsa. Sunansa ma ba ya faɗuwa da Hausa."

Gwaggo Kulu ta matsa jikin bango. Ta shafa, ta shinshina tafin hannunta, ta ja baya ta ƙanƙance ido.

Ta ce, "Ango, wanga ai launin jirgin da munka shigo na. Tun Warra nike kallonai. Har cewa niy yi, mi as sa anka shahe rabi anka bar rabi?"

Wata ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa gumi ya keto mini tun daga ƙasan hula har cikin takalmi. Kafin in haɗa wata ƙaryar, Gwaggo Kulu ta leƙa tsakar gida, inda Baba yake alwala, ta ɗaga murya: "Baban ango! Zo ka raba mu gardama!"

Baba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Wannan ne ganinsa na farko da ɗakin. Ya bi bangon da kallo daga sama har ƙasa, kusurwa huɗu, bai yi sauri ba. Na sunkuyar da kai ina jiran a yanka ni a gaban surukai, kuma na san na cancanta.

Sai ya ce, "Gaskiyarki, Hajiya, iri guda na. Da ɗan ga yag gama ɗakinai, ragowar yab ba ni in shahwa ma jirgi. Bai isa ba, shi as sa kinka ga rabi."

Guɗa ta ɓarke. Gwaggo Kulu ta dafa kafaɗata tana cewa, "Allah shi yi maka albarka! Ɗan da ka tuna ubanai ko da hwenti, ba ya wulaƙanta ɗiyarmu." Suka yi ta sa mini albarka ɗaya bayan ɗaya, ina amsa amin da muryar da ni kaina ba na ji. Da Baba tona ni ya yi, da zage ni ya yi, wallahi da ya fi mini sauƙi. Shi kuwa ya juya ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci.

Asabar na zuwa na sayo shuɗi da kore da baƙi, na tafi bakin ruwa, na naɗe wando a gaban masu jirage da masu kifi da iyayen ɗalibaina. Na ce, "Baba, na zo in ƙarasa." Bai tambaye ni komai ba, sai cewa ya yi, "Shuɗin ya yi yawa." Ban ji ba, na ce ai na iya. Har yau gefen jirgin guda bai yi daidai da ɗan'uwansa ba, kuma mutanen bakin ruwa sun sa masa suna Abuja. Nafisa ta san labarin tun a makon farko. Duk baƙon da ya yaba bangonmu, sai ta ce, "Malam, faɗa musu inda aka kawo shi."

Yanzu nakan faɗa. Nakan ce na jirgin babana ne, shi ya haɗa da hannunsa. Abin da na koya kuwa, in za ka yi ƙaryar Abuja, ka fara tambayar wanda zai ɗauko baƙin.