Ranar da Bilki ta jiƙa mini maɗaci

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta ranar da ɗiyata Bilki ta raka ni makaranta.

Lokacin tana firamare, duk ranar jarrabawa sai ta tashi da ciwon ciki. Ni ba na duka, ba na faɗa. Ɓawon maɗaci kawai nake jiƙa mata, in zauna in jira. Kurɓa ɗaya take warkewa, in riƙe hannunta har ƙofar aji.

To, bayan ta girma ta zama malama, ita ta lallaɓa ni na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a unguwarmu, can bayan rijiyar Kusugu. Ina jin daɗinsa, har ranar da malamarmu ta ce gobe kowa za ta miƙe ta yi karatu a gaban aji. Ni kuwa in an zuba mini ido, baƙaƙen rawa suke yi. A raina na ce na gama boko ke nan.

Washegari ana kiran la'asar na kwanta, na ja zane, na fara nishi (a hankali, irin na manya). Bilki ta yi mini sannu, ta fita. Can sai ga ta da kofi. Tun kafin ta iso na gane warin.

"Inna, ki daure ki shanye. A wurinki na koya, ba ya kuskure."

Na dubi kofin, na dube ta. Ko murmushi ba ta yi ba. Na ce ai cikin ya lafa. Ta ce alhamdulillahi, ta rataya jakata, ta kama hannuna. Haka muka ratsa unguwa, Mama Ngozi mai shago tana tambaya wai yau wa ke raka wa. A ƙofar aji kuma Bilki ta roƙi malama ta sa mini ido, wai ban cika son zama ba. Matan nan har da masu share hawaye don dariya.

Na yi karatun, har na kai ƙarshe. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, da ba don ita ba da na gudu.

A hanyar gida take gaya mini Turawa na kiran irin wannan juya teburi, wato na ƙasa ya koma sama. Ni dai ban ga teburi ba. Abin da na sani, duk maganin da za ki jiƙa wa ɗa, ki fara ɗanɗanawa, kofin na nan yana jiranki.