Ranar da Sahura ta yi wa sufeto hasashe

Ko me zan manta a aikin koyarwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da sufeto ya shigo ajina a Gwiwa ba. Turanci nake koyarwa a wata sakandare, kullum sai na tako babur daga Kazaure. Ƙuguna ya gaji, maiɗakina ta gaji da mitata. Na nemi a mai da ni gida, aka ce sai an ga rahoton sufeto.

Darasin makon kalmomin hasashe ne: "predict" idan ka faɗi abin da zai faru, "foreshadow" idan marubuci ya ɗan haska ƙarshen labari tun daga farko. Da na ji sufeto zai zo, sai na yi abin da malamai ke yi ba sa faɗa, na yi wa yara bita. Na raba tambayoyi, na raba amsoshi, na zaɓi wanda zai yi kuskure don in gyara. Har inda zan yi barkwanci su yi dariya (barkwancin ba daɗi, shi ya sa ya buƙaci bita).

Ranar komai na tafiya sumul. Sufeto, wani dattijo mai farin gilashi, sai gyaɗa kai yake. Can ya ce, "Malam, bari in gwada su. Wa zai yi mana hasashe ɗaya?"

Wannan ba ya cikin bita. Sai Sahura, wadda ta fi kowa ƙoƙari, ta miƙe da Turancinta tar.

"Ranka ya daɗe, yanzu Malam zai kira Habu, Habu zai yi kuskure, Malam zai gyara. Sannan zai ba da labarin akuya, mu yi dariya."

"Yaya aka yi kika sani?"

"Kullum haka muke yi tun da aka ce za ka zo."

Sufeto ya gyara zama ya ce, "Ci gaba, Malam."

Abin haushin, babu komai a kaina sai bitar. Na kira Habu. Ɗan albarka ya yi kuskurensa daidai. Na gyara, na ba da labarin akuya, gumi na bin wuyana. Ba wanda ya yi dariya sai sufeto.

A bakin ƙofa ya dafa kafaɗata ya ce, "Yarinyar ta gane darasi. Ga nawa hasashen: ka tanadi sabuwar tayar babur."

Har yau ina Gwiwa. Na dai koyi cewa in za ka shirya wa baƙo wasan kwaikwayo, kada ka fara da koya wa yara faɗin abin da zai biyo baya.