Delbert Ya Ƙi Rabuwa da Bam Ɗinsa

Jiya da safe na shiga zauren gari shan kofi, na ja kujera zan zauna, sai na ga babu tebur. Teburinmu fa, wanda mu tsofaffin manoman alkama muke kewayewa muna zagin farashi tun kafin gashina ya zube. A gurbinsa an girke wata na'ura mai allo, sai ƙyalli take.

Marlys mai dafa mana kofi ta ce, "Aikin Mai Girma Uban Wayar da Kai ne. Wasan bidiyo ne na koyon kwance bama-baman nukiliya. Ya ce sai kun ci wasan za a dawo da tebur."

Allah ya ƙara wa Mai Girma shugaban garinmu basira. Hanya ta farfashe, motar kwashe ƙanƙara ta mutu tun bara, amma shi jahilcinmu ya hango. Ni da bam na gaske, na sojojin gwamnati, yake kwance cikin rami a tsakiyar gonata, an kewaye shi da waya, kullum sai na karkata tarakta na zagaye shi.

Wasan ba wuya. Mutum biyu, kowa da ƙasarsa, ka lalata naka ɗaya, na lalata nawa ɗaya. Na zauna da maƙwabcina Delbert. Na gama da nawa kaf. Saura ɗaya a wajensa, sai ya naɗe hannu.

Na ce, "Danna mana."

"Wannan lafiyarsa ƙalau, Arlen."

"Bam ne fa, tsohon banza."

"Ƙarfe ne mai kyau. Wa ya sani ko wata rana a nemi wani abu a jikinsa?"

Ka ji matsalar. A nan ba a yar da ƙarfe. Bayan rumbun Delbert akwai taraktar kakansa, ciyawa ta tsiro a cikinta, yana jiran ranar da zai ciri ƙusa a jikinta. Har ya tambayi Marlys ko wasan na da maɓallin ajiyewa a bayan rumbu. Haushi ya turnuƙe ni, ga kofi a hannu ba wurin ajiyewa. Na yi lallashi, na yi zagi. Sai da na yi masa alkawarin tsohon injin ban-ruwana, wanda ko matata ta kasa raba ni da shi, sannan ya danna, ido a runtse. Allo ya cika da kurciyoyi, wai duniya ta huta.

Da rana Mai Girma ya iso da mai hoto. Ya ce mun burge shi, don haka za a ƙaro na'ura ta biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, tebur fa?"

"Tebur? Ai tun makon jiya aka kai shi bola."

Delbert ya yi gyaran murya. "Yana bayan rumbuna. Katako ne mai kyau."

Yau a can muka sha kofi cikin sanyi, injina na jingine da taraktar kakansa. Daga nan ana hango wayar gonata. Bam ɗin cikin ramin dai ba a gaya masa duniya ta huta ba, ni kuma ba zan tashe shi ba.