Kaka da Garmar Dogo

"...da aiki kuma, Maigidana? Ko ba a amsa gaisuwa ne in ana zane a gonar mutane?"

Kaka ce tsaye a bakin gona, sanda a hannu ɗaya, kwanon ruwa a ɗayan. Jikanta, wanda duk gida ke kira Dogo, yana durƙushe bayan tarakta da sifana, gumi har cikin ido. Ran nan ne aikinsa na farko. Mai taraktar ya ce ya gwada hannu a gonar kakarsa, da la'asar zai zo ya duba. In huɗa ta miƙe, makulli ya zama nasa, in ta karkace ya koma wankin taya. Ni da nake maƙwabcin gona, wallahi tausayi ya ba ni. Layi huɗu ya yi, kowanne da garin da ya nufa.

"Tsohuwa, koma gida," in ji Dogo. "Nan aikin injiniyoyi ake yi."

"To ina injiniyan? Ya tafi cin abinci ne ya bar ka gadi?"

"Sai na sake ki yau ɗin nan, na rantse."

"Ka sake ni ka auri wa? Wace mai hankali za ta ga wannan huɗar ta ce tana son ka? Maciji ka bi da garma, ko sitiyarin ne ya sha wani abu?"

"Gonarki ce karkatacciya. Ta biyo bayan mai ita."

"Bayana ya yi shekara tamanin kafin ya lanƙwashe. Naka layin ko taku goma bai yi ba."

Dogo ya jefar da sifana. Garmar baki uku gare ta. Na gaba yana nutsewa kamar mai haƙar rijiya, na baya kuwa susa kawai yake yi wa ƙasa, taraktar kuma sai fizgewa gefe take yi.

"Da safe fa na daidaita ta a gareji," ya ce. "A kan siminti. Bakin nan uku duk suka taɓa ƙasa daidai wa daida."

"Sannu da ƙoƙari. Simintin za ka noma mini?"

"Ke me kika sani a ƙarfe? Lokacin da aka haife ki ko allura ba a ƙera ba."

"Ni na yi wa maƙerin farko reno. Zo nan, miji na banza. Sa ƙafarka ɗaya a kwarin nan da ka huɗa, ɗaya a sama."

Ya sa, yana gunaguni.

"To miƙe sosai."

"Ta yaya zan miƙe, ƙafa ɗaya na rami?"

"Au, kai ba za ka iya ba, amma jakar ƙarfen nan taka dole ta iya? Dubi tayarta ta dama, ina take?"

Dogo ya waiga. Tayar dama na cikin kwari, ta hagu na kan tudu, taraktar duk ta jirkice, garma ta bi ta.

"Shekara talatin ina jan shanun kakanka," in ji Kaka. "Kullum sa ɗaya a kwari yake tafiya, ɗaya a tudu. Bai taɓa gyara garma a tsakar gida ba, sai an ja layin farko."

Ta ɗora kwanon ruwan a kan ƙarfen garmar. Ruwa ya taru gefen dama, har ya fara zuba.

"Ruwan shan naka ke nan yana tafiya. Murɗa abin da kake murɗawa har ya zauna daidai. In ya ƙare, ka sha gumi."

Dogo ya kama hannun da ke ɗaga gefen dama na garmar, yana murɗawa yana leƙen kwano, har ruwa ya kwanta lif. Ya hau, ya ja. Ƙasa ta riƙa kifewa sumul, layi ya tafi ɗoɗar har ƙarshen gona.

Da la'asar mai tarakta ya zo, ya bi layukan da ido, ya gyaɗa kai.

"Riƙe makullin. Wa ya saita maka garmar?"

Dogo ya sosa ƙeya. Kaka ta gyara tsayuwa, ta kafe shi da ido.

"Injiniya na ɗauko," ya ce. "Tsohuwar hannu ce. Sai dai baki gare ta."

"Kuma ba ta aikin kyauta," in ji Kaka.

Dogo ya fashe da dariya, ya cire hularsa mai faɗi ya kifa mata a ka.

"Na sallama, uwargida. Sakin ma na janye."

Kaka kuwa layukan take kallo, tana goge ido da bakin mayafi.

"Rabon gonar nan da huɗa irin wannan tun kakanka na da rai," ta ce. Sai ta ɗaga sanda ta nuna layuka huɗun farko. "Waɗancan kuwa kar ka taɓa su. Duk wadda ka ce kana so, nan zan fara kawo ta."