Ranar da na yi wa maigidana kukan mutuwa a Sharaɗa

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Sharaɗa ba, ko na so dangin miji ba za su bari ba.

Lokacin ana wahalar mai. Maigidana bakanike ne a wata masana'antar roba. Ranar ya manta da kular abincinsa, na ce bari in kai masa da kaina. Ina shiga get na hango maza sun kai goma sun zagaye bas ɗin ma'aikata, kowa ido jajur, hawaye shaɓe-shaɓe. Ƙaninsa Sabo, direban bas ɗin, yana share fuska da hula. Ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin mota, ba motsi. Takalmin da na wanke da hannuna!

(Tsakani da Allah, ku ga ƙartan maza suna kuka a bainar jama'a, me za ku ɗauka?)

Na saki kula, miyar kuɓewa ta kama gabanta. Na zube na rungume ƙafafun. Ni da shekara tara da aurenmu ban taɓa kama sunansa ba, sai dai "Baban Ummi", na ware murya: "Habibu! Wayyo Habibu! Na yafe maka, har gorin da ka yi wa tuwona jiya na yafe!"

Sai ƙafar ta shure ni. Ya turo kai, sifana a hannu. "Ke, lafiyarki?"

Ashe man 'yan bumburutu Sabo ya sha, wanda aka gauraya da wani sinadari wai shi metanol. Hayaƙinsa da ƙyar ake gani, amma yana shiga ido kamar an ƙona barkono. An bar mota a kunne Baban Ummi yana duba salansa, wato bututun hayaƙinta, su kuwa bayin Allah sun kafe suna kallo suna hawaye, ba wanda ya yi dabarar matsawa gefe. Kuma a rasa mutum ɗaya da zai ce mini "Da ransa fa"!

Sabo yana tari yana dariya. "Matarmu, ashe kin san sunansa? Mu zatonmu ba a gaya miki ba!"

Kafin la'asar labari ya kai kunnen surukata a Na'ibawa. Wata guda ban iya haɗa ido da ita ba.

Har gobe zuciyata ba ta jure ganin hawaye. Amma yanzu in na ga maza suna kuka, kafin in yi salati sai na fara duba ko akwai mota a kunne.