Rasuwar Hajja Baƙa, Kwamfutar Darasin Kutse

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki zafi, ni Malama Ammatullahi Bukar ta sashen kwamfuta nake sanar da rasuwar laftof ɗina, Hajja Baƙa, ranar Litinin da hantsi, tana da shekara tara.

Marigayiya baiwar Allah ce mai haƙuri. A cikinta na tara duk abin da nake koyar da 'yan aji uku kan masu kutse: laccoci na bidiyo, tarihin waɗanda suka fara harkar, hirarrakinsu, da atisayen gano ɓaraka kafin ɓarawo ya gano ta. Ɗaya bayan ɗaya muka sauke su daga intanet, da netwok mai zuwa yana komawa. Shekarun da gari ba wuta, a shagon caji take yini ba ta taɓa ƙorafi ba. Da ruwa ya ci unguwarmu ta Gwange, a kaina na ɗauko ta, na bar akwatin zannuwana. Har yanzu ina jin "fuuuu" ɗin fankarta idan aiki ya yi mata yawa.

Ajalinta ya zo ta hannun abokin aikina, Dokta Mikail, wanda ya are ta na minti biyar. Saƙo ya shigo masa cewa an zaɓe shi zuwa taro a ƙasar waje, wai ya danna nan. Ya danna. Komai ya kulle. Maimakon ya faɗa mini, sai ya saka ta a jaka ya kai wa wani mai gyaran rediyo a unguwar Bulabulin, wanda ya goge ta tas, sannan ya ƙona ta da wayar wuta. Kalmarta ta ƙarshe "tit".

Masu tambaya ko na ajiye kwafi a wani wuri, su ji tsoron Allah, makoki ake yi.

Ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da linzami gurgu, da ɗalibai ɗari da arba'in da jarrabawa ke jiransu nan da mako uku. Shida daga cikinsu sun nemi izinin shiga wayar Dokta. Na hana su, don Hajja kutsen gyara ta koya musu. Amma na daɗe ina tunani kafin in hana.

Za a kai ta makwancinta ranar Alhamis da ƙarfe goma, a durowar ƙasa ta ofishina. Daga nan sai zaman makoki a babban aji. Duk wanda ya taɓa kwafar wani abu daga marigayiya, ya zo da filas ɗinsa na kwamfuta. An ware wa Dokta Mikail kujerar gaba, shi zai karanta saƙon nan da babbar murya, sau biyu, sannan ya amsa tambayoyin ɗalibai har su gaji. Akwai shayi ga kowa, ban da shi.