Ranar da Aka Ɗauke Mu Hayar Fushi

Jiya da hantsi ina kan kabu-kabuna a bakin wani otel, sai wani mushe, wato ɗan boko, mai karabat ɗaure a wuya ya yafito ni. Wai ana formasiyo, wato horo, ga samarin da za su zama shugabanni, kuma ana neman talakawa biyu su shiga su yi fushi, a auna wanda ya iya riƙe jama'a. Na ɗauko maƙwabcina Bukar, don shi fushi a jininsa yake.

Muka shiga ɗaki mai sanyi kamar randa. Alhaji Mai Awon Shugabanci, Allah ya ƙara masa tumbi, ya ce mu yi kamar pampon unguwarmu ya lalace.

Bukar ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba sai mun yi kamar ba. Wata uku ke nan matata Fatsuma na tura kurar jarkoki daga wata unguwa, ga tsohon ciki."

Alhaji ya ce, "Madalla! Ka ga ɗan wasa!"

Aka kira ɗalibi na farko, Fahad. Ya haɗa yatsu, ya kalli Bukar cikin ido, ya ce, "Baba, mun ji kukanku. Za mu kafa komite." Aka tafa. Alhaji ya ba shi maki sha tara bisa ashirin.

Na biyu Suma'ila ne, ɗan ƙauyen Tirmini. Bai haɗa yatsu ba. Ya ce, "Wace unguwa? Mu je in gani." Ya hau bayan mashin ɗina muka tafi. Ashe wata 'yar roba ce ta cinye. Ya sayo, ya naɗe hannun riga, kafin azahar ruwa na zuba, Fatsuma na guɗa.

Muka koma otel da taɓo har gwiwa. Alhaji ya ba shi huɗu bisa ashirin: ya bar ɗakin jarrabawa, ya ɓata riga, kuma ya yi aiki da hannunsa, abin da shugaba ba ya yi.

Ni a aji biyar na bar lakwal, don haka ba na jayayya da masana. Na dai ce wa mai karabat kada ya sake nemanmu, tunda fushinmu ya ƙare.

Bukar ya taka min ƙafa. "Kai yaro, karɓi lambarsa. Ba ka ji Fahad za a turo ya riƙe ruwan unguwarmu ba?"